Tomi, ektomi, ostomi: tambayoyi da amsoshi kan kalmar yanka da ke cikin takardar likita

Assalamu alaikum. Na tara tambayoyin nan ne saboda kusan kullum sai wani ya miƙo min takardar asibiti, ko ya turo hotonta ta WhatsApp, yana cewa Sista don Allah duba min wannan doguwar kalmar me take nufi. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin kalmomin da ke tayar wa mutane hankali wutsiyarsu ɗaya ce, a rubuce za ka ga tomy, a baki kuma tomi muke cewa. In ka gane wutsiyar nan to wallahi ka gane rabin takardar.

Wai mece ce tomi ɗin nan?

Yanka. Iyakarta kenan. Duk kalmar da ta ƙare da tomi tana gaya maka za a tsaga wani wuri ne a jiki, gaban kalmar kuma shi ke faɗin wurin. Lafarotomi tsaga ciki, don lafara ita ce tattausan ɓangaren ciki da kwiɓi. Kiraniyotomi buɗe ƙoƙon kai. Torakotomi buɗe ƙirji. Efisiyotomi kuma shi ne ɗan yankan da ake yi wa mace a ƙofar haihuwa in kan ɗa ya matsu, wanda mata ke cewa an yi musu ƙari.

Daga wane harshe ta fito?

Daga tsohon Girkanci. Suna da aikatau temnein, wato a yanka, daga shi aka samu tome, yankan kansa. Likitocin Girka su ne suka bar rubuce-rubucen da Rumawa suka gada, Larabawa suka fassara suka ƙara nasu a kai, daga baya jami'o'in Turai suka ɗauka, shi ya sa har yau sunayen cututtuka da na ayyukan tiyata suke cike da Girkanci da Latin.

Kuma kalmar tsohuwa ce sosai a bakin likitoci. A rantsuwar nan ta Hippocrates, tsohon likitan Girka, akwai wurin da likita ke alƙawarin ba zai yanka mai tsakuwar mafitsara ba, zai bar wa masu wannan sana'ar. Aikin cire tsakuwar shi ake kira litotomi, litos dutse ne. Yau in mace ta kwanta rigingine an ɗaga ƙafafunta kan maɗauri don haihuwa ko gwaji, sunan wannan kwanciyar a wurinmu kwanciyar litotomi, don irin kwanciyar da ake yi wa masu tsakuwa kenan tun wancan zamanin. Ni duk lokacin da na ji an faɗe ta a ɗakin haihuwa sai na tuna kalma ce da ta haura shekara 2000 tana aiki.

Ba a asibiti kaɗai ta tsaya ba ma. Atom ɗin da ake koya wa yara a darasin kimiyya, asalinsa a-tomos ne, abin da ba ya yankuwa, masanan Girka Democritus da malaminsa Leucippus ne suka ce in ka yi ta gutsura abu dole ka kai ƙwayar da ba ta ƙara rabuwa. A ƙarni na 20 an fasa ƙwayar amma sunan ya zauna. Anatomi, ilimin sassan jiki, ma'anarsa yanka gunduwa-gunduwa, don ta haka aka san cikin mutum, su Herophilus a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Miladiyya sun buɗe gawa sun duba da idonsu. Har ƙwari, Girkawa entoma suke ce musu, masu tsaga a jiki, duba ƙugun zanzaro ko tururuwa ka ga kamar an ɗaure shi da zare an kusa tsinke shi.

To menene bambancin tomi da ektomi da ostomi? Ni duk ɗaya nake jinsu.

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan gaba ɗaya, don Allah a karanta ta a natse.

Tomi an tsaga, an yi abin da za a yi, an ɗinke, gaɓar tana nan. Ektomi kuwa an cire. Ek a Girkanci yana nufin waje, ek-tome kenan yankewa a fitar. Afendektomi cire afendis, nefrektomi cire ƙoda, mastektomi cire nono, kolesistektomi cire matsarmama, isfilenektomi cire saifa. Ostomi kuma tushenta daban ne kwata-kwata duk da kunne yana jinsu kamar 'yan uwa, daga stoma take, wato baki. An yi wa gaɓa sabon baki kenan an bar shi a buɗe. Kolostomi an fito da bakin babban hanji ta fatar ciki bayan gida na zuba a jaka, wani na 'yan watanni ne a mayar, wani na dindindin. Tirakiyostomi ƙofa a maƙogwaro da ake sa bututu mutum ya yi numfashi ta nan.

Yanzu ɗauki mahaifa, wadda a Girkanci hustera ce. Histarotomi an tsaga mahaifa an ɗinke, kamar yadda ake yi wajen ciro jariri. Mayomektomi an cire ƙarin da ya fito a jikin mahaifa, faibiroyid ɗin nan, an bar mahaifar. Histarektomi an cire mahaifar ɗungurungum, babu al'ada babu ɗaukar ciki bayan nan. Haruffa biyu ko uku ne tsakaninsu a takarda amma a rayuwar mace tazarar ba ta misaltuwa.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, shekarunta za su kai arba'in da 'yan kai, an riga an sa mata rigar tiyata an ɗaura mata ruwa tana kan gadon turawa a bakin ƙofa. Ina duba fayil ɗinta kamar yadda muke yi wa kowa, sai na ce Hajiya wane aiki aka ce za a yi miki? Ta ce 'yar nan ƙari ne za su cire min, likita ya ce in an cire jinin zai tsaya, ni kuma ina sa ran ko Allah zai ba ni ko da guda ɗaya ne. Na kalli fom ɗin, histarektomi aka rubuta, ga sa hannunta ga na mijinta a ƙasa. Gabana ya faɗi. An yi musu bayani a asibitin, amma kalmar cirewa suka riƙe, su a zatonsu ƙarin ne kawai, wanda ya yi bayanin kuma ya ɗauka sun gane. Na je na kira likitan, ya zo ya ja kujera ya zauna kusa da ita ya zana mata a bayan takarda da biro, ga mahaifa, ga ƙarin, ga dalilin da ya sa suke ganin cirewa duka ta fi aminci, ga kuma haɗarin da ke cikin barinta. Ba a yi aikin ranar ba, aka ba su lokaci su je su yi shawara. Har yau hannunta nake tunawa, yadda ta damƙe gefen zanin gadon tana saurare ba ta ce uffan ba.

Shi ya sa nake roƙon kowa, kafin ka sa hannu ka tambaya da bakinka, buɗewa za a yi ko cirewa, in cirewa ce me za a cire, duka ko rabi, kuma akwai abin da za a bari a buɗe bayan an gama? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar, haƙƙinka ne.

Kullum haka ƙa'idar take, babu inda ta saɓa?

Akwai 'yan wurare. A 1809 wani likita a jihar Kentaki ta Amurka, Ephraim McDowell, ya buɗe cikin wata mata ya ciro ƙaton ƙari na ƙwan mahaifa, lokacin babu maganin sa barci, idonta biyu aka yi, kuma ta warke ta ƙara shekara sama da 30 a duniya. Aikin cirewa ne amma obariyotomi aka riƙa kiransa shekaru da yawa. Sannan filebotomi, wanda ma'anarsa yanka jijiya, yau ɗibar jini ne da allura a ɗakin gwaji, ba aska ba ɗinki. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da likitoci ke tsaga jijiya su zubar da jini a matsayin magani, irin wanda aka yi wa George Washington, shugaban Amurka na farko, a ciwon ajalinsa a 1799. Don haka in ka ga filebotomi a jikin ƙofa kada ka ji tsoro, miƙa hannu kawai za ka yi.

Tirakiyotomi da tirakiyostomi ma ana yawan musanya su a baki, har mu ma'aikata.

Ni a takardata incision na gani. Ita kuma fa?

Ita ce yankan kansa, layin da aska ta bi a fata. Tomi tana faɗin sunan aikin, insishin kuma ita ce tsagar da za ka gani in an buɗe bandeji. Wannan daga Latin take, in da caedere, yanka zuwa ciki. In ka ga excision to ex waje ne, yankewa a fitar kenan, 'yar uwar ektomi. Sunan haƙoran gaba a littafin likitan haƙori ma daga wannan tushen yake don su ne masu datsa.

Wani abu da ke burge ni, kalmar Turanci ta tsai da shawara, decision, ita ma daga caedere ɗin nan take, yankewa. Mu ma ai yanke shawara muke cewa, da yanke hukunci, da yanke ƙauna. Kamar dai tunanin ɗan Adam ne ya zo ɗaya.

Tiyata Hausa ce?

Ta zama Hausa yanzu kam, amma aro ce daga Turancin Ingila, theatre, shi kuma daga Girkanci theatron, wurin kallo. Mutane sukan yi mamaki, ina ruwan gidan wasan kwaikwayo da yankan mutum? To da can kallo ake yi na gaske. A jami'ar Paduwa ta Italiya akwai ɗakin koyar da anatomi da aka buɗe a 1595, yana nan har yau, tebur a tsakiya can ƙasa, benaye na katako zagaye da shi hawa-hawa ɗalibai na tsaye suna leƙowa. Da aka zo yi wa masu rai aiki sai aka gina ɗakunan a kan wannan fasalin. Akwai irinsa na 1822 a Landan na tsohon asibitin St Thomas, yanzu gidan tarihi ne, teburin katako ne da akwatin garin katako a ƙasa don tsane jini. A irin wannan ɗakin ne a Boston ranar 16 ga Oktoba 1846 William Morton ya shaƙa wa wani mara lafiya maganin sa barci da ake kira ether, likita John Collins Warren ya yanke masa ƙari a wuya, 'yan kallo na zaune suna gani mutumin bai yi ihu ba.

Abin da ya kori 'yan kallo shi ne gano ƙwayoyin cuta. Bayan Joseph Lister ya wallafa aikinsa na kashe ƙwayoyi da sinadarin kabolik a 1867, a hankali aka gane cewa taron mutane da kayan jikinsu da tarinsu haɗari ne ga buɗaɗɗen ciki. Benayen suka tafi sunan ya rage. Mu kuma da muka karɓe shi sai muka faɗaɗa shi, ɗakin tiyata ne, aikin ma tiyata ne, an shiga da ita tiyata, an yi mata tiyata. A Turancin sunan ɗakin ne kawai.

To fiɗa fa, da aiki?

Fiɗa tamu ce, daga feɗe, kuma likitan fiɗa kalma ce mai kyau da kowa ke ganewa, sai dai a gaban mara lafiya ni ba na amfani da ita don tana sa mutum ya tuna dabba a rataye. Aiki nake cewa, za a yi miki aiki, ya fi taushi a kunne. Kuma dai daidai yake da asalin abin, don kalmar Turanci operation daga Latin take, tushenta aiki, surgery kuma daga Girkanci kheir da ergon, hannu da aiki, aikin hannu kenan. Larabawa su kuma ta wajen rauni suka kalle shi, jiraha daga jurhu. Babban malaminsu a wannan fanni shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus wanda ya rasu wajen 1013, littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshen kan tiyata yake da zanen kayan aiki wajen 200, an fassara shi zuwa Latin Turawa suka yi ƙarnoni suna karatu da shi.

Da gaske ne sunan siyes, wato CS ko caesarean section, aikin ciro jariri ta ciki, daga Julius Kaisar ya fito, wai shi aka fara cirowa ta ciki?

Labarin ya yaɗu amma bai tsaya da ƙafarsa ba. An haifi Kaisar a shekara ta 100 kafin Miladiyya, mahaifiyarsa Aurelia kuma ta rayu har 54 kafin Miladiyya, ta ga girmansa. A wancan zamanin ba a tsaga cikin mace ta tashi, ana yi ne in ta rasu ko tana gargara, Rumawa ma suna da tsohuwar doka cewa kada a binne mai ciki sai an ciro ɗan. Marubucinsu Pliny ya ce wani kakan gidan ne aka ciro ta ciki shi ya sa zuriyar ta samu sunan, daga caedere ɗin nan dai. Wani likitan Faransa François Rousset ya sa kalmar a sunan littafinsa na 1581, daga nan ta bazu, har Jamusawa suke cewa yankan Kaisar, Larabawa ƙaisariyya. Harafin es ɗin kuma section ne, daga Latin secare, shi ma yanka.

Abin da ya mai da siyes aikin da mace ke tashi lafiya ya zo ne daga baya sosai, maganin barci, tsafta, ƙarin jini, da kuma ɗinke mahaifar kanta wanda Max Sänger na Jamus ya kafe a kai a 1882, don kafin nan da yawa barinta suke yi ba ɗinki.

Na ga an rubuta Pfannenstiel a fayil ɗin matata, cuta ce?

A'a, sunan mutum ne. Likitan mata ne Bajamushe wanda ya bayyana yankan kwance a ƙasan mara a 1900, shi ne layin da yawancin masu siyes ke da shi. Akwai irinsu da dama. McBurney ɗan gajeren yanka ne a ƙasan ciki ta dama don afendis, likitan Niyok ne ya bayyana shi a 1894. Kocher a ƙarƙashin haƙarƙarin dama don matsarmama, shi Theodor Kocher ɗan Siwizalan ne, ya ci kyautar Nobel a 1909 kan aikin maƙoƙo.

Me ya sa wasu ake yanka su a kwance wasu a tsaye?

Ya danganta da abin da ake nema da kuma saurin da ake buƙata. Yankan tsaye a tsakiyar ciki yana bin wani farin layi ne mai ƙarancin jijiyoyin jini, ana shiga da wuri, ana iya ƙara tsawonsa sama ko ƙasa, shi ya sa in hatsari ne ko ba a tabbatar da inda matsalar take ba shi ake yi. Na kwance kuma ya fi kyan tabo kuma bai cika buɗewa ya zama ƙaba daga baya ba.

Fata tana da nata layukan kamar yadda katako ke da nasa. Karl Langer na Biyana ya nuna haka a 1861, ya riƙa huda fatar gawa da abu mai zagayen baki sai ya ga hujin ba ya zama zagaye, yana miƙewa ta wata fuska. In aska ta bi wannan fuskar bakin ciwon yana haɗuwa da kansa, in ta gicciye shi sai ya riƙa wangalewa tabon ya yi faɗi.

Kuma kada a ɗauka sara ɗaya ake yi a faɗa ciki. A siyes misali, aska fata kawai take tsagawa, sai kitse, sai wata farar shimfiɗa mai tauri da ke rufe naman ciki, naman kansa ba a yanka shi ana raba shi ne gefe da gefe da yatsu, sai siririyar tantani, a ture mafitsara ƙasa, sannan a kai ga mahaifa. Wajen fitowa ma haka ake bi ana ɗinkewa hawa-hawa, mu kuma muna gefe muna ƙirga auduga da allurai da almakasai da ƙarfi kowa na ji, ba a rufewa sai lissafi ya cika. Askar ma lamba gare ta, 10 mai tumbi don dogon yanka, 15 ƙarama don aiki mai laushi, 11 mai tsini don huda maruru.

An tura ni siti sikan, na ji an ce ti ɗin tomogirafi ne. Yanka ni za a yi?

Ko ƙwarzane babu. Na'urar ce ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki kamar an yayyanka shi sala-sala, kwamfuta ta haɗa. Hoton ne ake yankawa. Godfrey Hounsfield na Ingila ya ƙera ta, an fara gwada ta kan mara lafiya a Landan a 1971.

Lafaroskofi da lafarotomi ɗaya ne?

Gabansu ɗaya wutsiya ta bambanta. Skofi daga skopein take, dubawa. A lafaroskofi 'yan huji uku ko huɗu ake yi, kowanne bai fi santimita ɗaya ko kusa da haka ba, a hura iskar kabon a ciki ya ɗaga, a zura kyamara da dogayen kayan aiki ana kallo a allo. Erich Mühe na Jamus ya cire matsarmama ta wannan hanyar a 1985. An fi saurin tashi, ciwon ma kaɗan ne. Amma ka duba fom ɗinka da kyau, galibi akwai layin da ke cewa in an samu matsala za a koma lafarotomi, wato a buɗe sosai, kuma wannan ba gazawar likita ba ce, wani lokaci jini ne ya ɓalle ko hanji ya manne ba a ganin hanya.

Sauran wutsiyoyin da za ka iya cin karo da su, filasti gyaran siffa, rafi ɗinki, feksi kafe gaɓa a mazauninta.

Yaushe yankan yake warkewa gaba ɗaya?

Fatar sama tana haɗewa da wuri, shi ya sa ake cire zaren fuska a kwana 5 ko makamancin haka, na ciki kwana 7 zuwa 10, na kan gwiwa da sauran gaɓɓai masu motsi har sati 2, wani zaren ma ba a cire shi narkewa yake da kansa. Amma na can ciki yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙwari, shi ya sa ake hana ɗaukar kaya mai nauyi wajen sati 6 ko da waje ya bushe tas. Tabon zai fara da ja ko duhu da tauri da ƙaiƙayi, ya yi ta laushi har shekara ko fiye, kuma ko ya gama warkewa ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Masu baƙar fata mun fi saurin samun tabon nan mai tsiro da ya wuce iyakar ciwon, in ka san jikinka na yin haka ka faɗa wa likita tun kafin aiki. In kuwa wurin ya yi ja yana zafi yana kumbura, ko yana fitar da ruwa mai wari, ko zazzaɓi ya zo, ko ka ga baki ya fara buɗewa, kada ka shafa komai kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati, ka rufe shi da bandeji mai tsafta ka koma asibiti a ranar.